Wasiyyar Yariman Danmak

Cikin littattafan Turancin da aka ɗora mana a sakandare, Hamlet ne ya fi ba mu wuya, shi ne kuma ya fi daɗewa a raina. Turancin da Shekisfiya ya rubuta wajen shekara ta 1600 ba ya haɗiyuwa da daɗi ga yaron da ya tashi da Magana Jari Ce, sai da malaminmu na adabi, wani mutumin Gana mai haƙuri, ya riƙa warware mana shi sili-sili kamar mai tsefe kitso. Labarin kansa kuwa bai zame mana baƙo ba. Ƙane ya ɗura wa wansa sarki dafi a kunne yana barci a lambu, ya haye gadon sarautar Danmak, ya auri matarsa, sannan fatalwar mamacin ta zo wa ɗansa Hamlet tana neman ya ɗaukar mata fansa. Mun sha jin irin wannan rikici na 'ya'yan sarki a bakin kakanninmu.

Ƙarshen zango, cikin hunturu, muka yi wasan a ɗakin cin abinci. Tebura muka haɗa suka zama dandamali, karan dawa ya zama takubba, zoɓo a kofin silba ya tsaya a madadin giyar da aka sa wa guba. An yi ta rububin fitowa a Hamlet da Layatis, don su ke da faɗa. Horeshiyo ba wanda ya nema, sai aka miƙa wa wani abokina shiru-shiru da gadonsa ke kusa da nawa.

Horeshiyo ɗalibi ne talaka, tare suka yi karatu da yarima a Witinbag ta ƙasar Jamus, jana'izar sarki ce ta kawo shi fada. Ba shi da sarauta, ba shi da dukiya, har Hamlet ya ce masa kada ya ɗauki yabon da yake yi masa a matsayin fadanci, tunda babu abin da za a samu a hannunsa. Abokan yarima na ƙuruciya su biyu sun yarda sabon sarki ya mai da su 'yan leƙen asiri. Shi kuwa Horeshiyo aka sa ya zuba wa fuskar sarki ido daren da 'yan wasa suka kwaikwayi kisan. Ya ja kunnen abokinsa kada ya bi fatalwa, ya sake ba shi shawarar ya janye daga wasan takobin da aka shirya masa. Duka ba a saurare shi ba, bai kuma yi zuciya ya koma makarantarsa ba.

Har yau ina ganin fitowa ta ƙarshe. Sarauniya ta sha guba ta faɗi, Layatis da sarki suna kwance, dafin takobi yana bin jikin Hamlet. Abokina ya sunkuya ya ɗauki kofin, akwai ɗan saura a ciki, ya nufi bakinsa da shi. Daga can baya wani ɗan aji ɗaya ya ƙwala ihu, "Yaya, kar ka sha!" Ba wanda ya yi dariya. Hamlet ɗinmu ya yunƙura ya fizge kofin, zoɓon ya malale a farar rigarsa, ya riƙe hannun abokina gam yana faɗin wasiyyarsa da murya ƙasa-ƙasa.

Abu biyu ya bari. Ya ce a gaya wa Fotinbiras, yariman Nowe, shi yake goyon baya ya gaji sarautar. Wannan da sauƙi. Ɗayan ne mai nauyi: Horeshiyo ya haƙura da mutuwa, ya zauna a duniya ya ba da labari yadda ya faru. Hamlet yana da dalilin damuwa da sunansa, domin abin da fadawa suka gani da idonsu shi ne yariman da ake cewa ya taɓu ya soki sarki, har suka ɗauki kururuwar cin amanar ƙasa. Mutum ɗaya ne ya rage da ya san tushen maganar.

Daren nan gardama ta hana mu barci. Wasu suka ce Hamlet ya yi wa abokinsa gata, ya tsare shi daga zunubin kashe kai. Wasu suka ce son kai ne, shi ya tafi ya huta ya bar bawan Allah da kaya. Da muka kai wa Malam ƙara washegari, tambaya ya jefo mana: idan Horeshiyo ya tashi ba da labarin, zai ambaci Foloniyas? Wato dattijon da Hamlet ya soke a bayan labule bisa kuskure, wanda 'yarsa Ofiliya ta zauce saboda mutuwarsa har ruwa ya ci ta. Zai ambaci abokan nan biyu da Hamlet ya sauya wasiƙa aka kashe su a Ingila? Muka koma littafi, sai ga shi cikin abin da Horeshiyo ya yi alkawarin bayyanawa har da kisan kuskure da makircin da ya koma kan masu ƙulla shi. A nan nake ganin girman mutumin. Yana ƙaunar mamacin har ya so binsa kabari, amma bai yi niyyar wanke shi da ƙarya ba.

Bayan shekaru, da wani ɗan ajinmu ya rasu, sai ya bar wa abokin nan nawa wasiyya. Na raka shi kasuwa riƙe da 'yar takardar da marigayin ya rubuta basussukansa, rumfa-rumfa, yana sallama yana cewa, "Alhaji, akwai abin da kake bin wane, na zo mu yi lissafi." Wasu suka yafe, wasu suka karɓa, wani ma ya ɗaga murya ya faɗi maganar da ba ta da daɗin ji game da mamacin. Bai musa masa ba, bai kuma taya shi ba. Ya ƙirga kuɗinsa ya ba shi, ya roƙe shi ya yafe, muka wuce rumfa ta gaba.

Shi kansa Shekisfiya ya dace da irin waɗannan abokai. Da ya rasu a 1616, ya bar wa uku daga cikin abokan sana'arsa kuɗin sayen zoben tunawa da shi. Ɗayansu, Richard Burbage, wanda ya fara fitowa a Hamlet, ya bi shi a 1619. Sauran biyun, John Heminges da Henry Condell, suka tattara wasanninsa 36 suka buga a kundi guda a 1623, kuma kusan rabinsu ba a taɓa buga su ba kafin nan, ciki har da Macbeth da Julius Caesar.