Bayan an cire robar iska

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da hatsin bara ya ƙare a rumbu, na bana kuma bai gama shigowa gida ba, masassarar cizon sauro da tamowa sukan haɗu a kan yara ƙanana. A Magarya, kudu da Damagaram, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke kama wa gwamnati aiki tun 2005, an kai ga kwantar da yara sama da 700 a lokaci guda cikin Satumba na 2018. Sama da 200 daga cikinsu suna tsakanin rai da mutuwa, kuma kimanin 10 ne ke rasuwa kowace rana. Ana iya ƙidaya gadaje da gawawwaki. Abin da ba ya shiga lissafi shi ne bakin da ya sanar da kowace uwa daga cikin goman nan.

Akwai wata majo, dattijuwa, wadda ta daɗe tana gadin dare a irin wannan ɗaki na ceton rai. Aikinta na hannu sananne ne. Tana auna zafin jiki, ta duba sukarin jini, domin yaro mai tamowa yakan yi sanyi cikin dare, sukarinsa ya faɗi ba tare da ya yi kuka ba. Tana ɗura madara ta robar hanci kowane awa uku, ta gyara robar iskar oksijen, ta tsaya kan ƙarin jini har ya ƙare. Duk wannan an koya mata shi a makarantar kiwon lafiya. Sauran aikin kuwa shekaru ne suka koya mata.

Idan ta ga numfashin yaro ya fara sauyawa, ba ta jira sai rai ya fita. Takan ja uwar gefe, ta zauna ƙasa daidai da ita, ta ce: «Ƙanwata, jikin yaron nan ya yi nauyi ƙwarai. Muna yin iyakar ƙoƙarinmu, amma ki matso kusa da shi, ki riƙe hannunsa.» Ba ta yi mata alkawarin sauƙi, ba ta kuma yanke mata ƙauna. Dalilinta shi ne, uwar da aka yi ta gaya wa «da sauƙi» har zuwa ƙarshe, ba ta ƙara yarda da maganar mai farar riga.

Idan ajali ya zo, da hannunta take cire allura da robobi, ta goge fuskar yaron, ta rufe masa ido, kafin ta miƙa shi. Ba ta yarda uwa ta karɓi ɗanta da filasta a kumatu. Tana kiran sunan yaron, ba lambar gadonsa ba. Kuma akwai tambayar da ta san tana zuwa, ko an furta ta ko ba a furta ba: «Ko ni ce na makara?» Sau da yawa gaskiya ne an makara, domin an fara da jiƙo, an jira ranar kasuwa, an jira izinin maigida da ya tafi cin rani. Majo ba ta zaɓi wannan sa'a don yin faɗa ba. Takan ce: «Kin ɗauko shi, kin kawo shi, kin kwana kansa. Kin yi abin da uwa ke yi.» Nasiha tana da ranarta.

Daga nan sai wahalar da ba a rubuta ta cikin kowane littafin aiki ba. Mace ce ita kaɗai, garinsu yana da nisa, ba ta da waya, kuɗin da ke ƙulle a bakin zanenta bai kai jikka guda ba. Wata ma goya gawar take yi kamar yaron barci yake, don kada mai mota ya ƙi ɗaukarta ko ya ninka kuɗi. Majo takan nemo wanda ya san wani a ƙauyen, a aika labari kafin ta isa, domin kada ta shiga gida ita ce mai makoki, ita ce kuma mai sanarwa. Takan nuna mata yadda za ta yi da nonon da bai san an yi rasuwa ba. Sa'an nan ta wanke hannu, ta shimfiɗa sabon zane, gama wani yaro na jira a bakin ƙofa.

Wani zai ce wannan kirki ne kawai, ba magani ba ne. Amma tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, duk da haka ba kuɗi kaɗai ke hana a zo da wuri ba. Matar da ta koma gida za ta zauna cikin masu gaisuwa, za a tambaye ta yadda aka yi. Idan ta ce an daka mata tsawa, an miƙo mata gawa ana sauri, maƙwabciyarta za ta ƙara kwana biyu a gida da yaro mai suma. Idan ta ce an zauna da ita, an kira ta ƴar'uwa, za a ɗaura amalanke tun ranar farko. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a nan tana iya zama ran wani yaro.

Saboda haka, ɗan kasuwa mai mota a hanyar ƙauye da ma'aikaci mai sa hannu kan takardar aiki, kowannensu yana da rabo cikin wannan lamari. Na farko yana iya ɗaukar mai goyon gawa ba tare da ciniki ba. Na biyu yana iya tuna cewa majo guda mai gadaje da yawa ba ta da minti goma na zama ƙasa da kowa, sai an ƙaro mata hannu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya saka wa masu kwana a kansu.