Ranar da Zaure Ya Zama Iyaka

A unguwanninmu, yaro ɗan shekara 8 ko 9 ba shi da shamaki. Kowane gida nasa ne. Shi ake aika ya aro rariya a maƙwabta, shi ke kai kwanon tuwo gidan kaka, shi ke shiga har ƙuryar ɗaki ya ce wai ana sallama da wance. "Ba a shiga" ɗin da aka rubuta a bangon zaure ba da shi ake ba, ko da ya iya karatu.

Sai wata rana, wajen shekara 13 ko 14, ya yi sallama ya kutsa kai kamar kullum, ya ga matar gidan ta yi sauri ta jawo mayafi. Ba ta ce masa komai ba. Ko kuma tsohuwar gidan ta dube shi ta ce, "Kai ɗan nan, ai ka girma, ka riƙa tsayawa a zaure." Ba faɗa ta yi ba, gaskiya ta faɗa, amma yaron zai fito kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Jiya ɗan gida ne shi, yau sai ya nemi ƙaramin yaro ya aika ciki, ya tsaya yana jira.

Jikin nasa ma bai tsaya masa ba. Maƙogwaro na girma, jijiyoyin murya na ƙara tsawo da kauri, shi ya sa sallamar da ya fara da murya irin ta manya takan ƙare da siririyar murya, yaran gidan su fashe da dariya. Tafin hannu da ƙafa su ke fara girma kafin sauran jiki ya cim musu, don haka yake yawan tuntuɓe da buta, a yi ta ce masa ba ya kallon gabansa. Wandon Sallar bara ya ɗage sama da idon sawu. Ga ƙuraje sun feso a goshi, yana ɗiga musu makilin da dare. Tela ne kaɗai ke maganar a fili, shi ma da mahaifin yake yi: "Alhaji, bari a sake masa, yana kan girma."

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ranar suna ko ɗaurin aure. An fito da abinci, faranti na yara daban, na manya daban. Idan ya zauna da yara, sai a ce gandamemen saurayi yana wawaso da ƙannensa. Idan ya matsa kusa da manya, sai a miƙa masa buta ya zuba musu ruwan wanke hannu. Da yawa a wannan shekarun sukan ce sun ƙoshi, alhali yunwa na cin su.

'Yan mata ma suna da nasu. Da an fara ƙirgen dangi sai ka ga yarinya tana ranƙwafar da kafaɗa, ta daina gaɗa, ta nemi hijabi mai faɗi. Amma ita tana cikin gida, ga uwa, ga yayye, ga gwaggo, wani zai ja ta gefe. Namiji kuwa a daidai lokacin ake kwashe tabarmarsa a mayar da shi ɗakin zaure ko shagon samari, nesa da duk wanda zai iya tambaya. A Islamiyya malam zai karanta babin wanka a Ahalari, ajin ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai, a tashi babu wanda ya ɗaga hannu. Sauran bayani a bakin abokai yake jinsa, su ma ba su fi shi sani ba.

Ba na ganin laifin al'adar tsayawa a zaure, tana da mutuncinta. Abin da nake ganin mun gaza shi ne, muna gaya wa yaro inda ya daina shiga, ba ma gaya masa inda aka buɗe masa. Ni wani kawuna ne ya nuna mini inda aka buɗe mini. A wajen wani suna ya hango ni ina raɓe-raɓe a jikin bango, ya matsa a kan tabarma ya ce, "Malam, zo nan ka sa hannu." Dattawan da ke wurin suka gyara mini wuri, aka ci gaba da hirar farashin taki.