Doki mai tozo

Ni malamin makaranta ne a Gure. Gure tana gabas da Damagaram, a kan babbar hanyar da ta nufi Difa. Gari ne na duwatsu da tuddan rairayi, a cikin ƙasar Muniyo. Amma ba a nan aka haife ni ba. Ni mutumin kudu ne, daga wajen Magarya. A ƙauyenmu mun san gero da gyaɗa da jaki. Raƙumi kuwa sai dai mu hange shi daga nesa, ya wuce da kayan kanwa.

A makarantar horon malamai na yi suna wajen zane. In na ga hoto a littafi, sai in kwafe shi sak. Abokaina su kan kawo mini takardunsu in yi musu zanen darasi. Har na ɗauka na gama iyawa.

Shekarata ta farko a Gure aka ba ni aji na biyu. Wata safiya muna karatun Hausa, darasinmu a kan raƙumi ne. Na ɗauki alli, na zana raƙumi a babban allo yana tashi daga durƙuso. Na miƙar da ƙafafunsa na gaba, na bar na baya a lanƙwashe a ƙasa. Na yi masa dogon wuya da babban tozo. Na ja da baya ina jiran yabo.

Sai na ji ƙus-ƙus a bayan aji. Wani ɗan ƙaramin yaro, ɗan makiyayi mai raƙuma, ya ɗaga hannu.

— Malam, wannan ba raƙumi ba ne.

— To, mene ne?

— Doki ne mai tozo.

Aji ya fashe da dariya. Raina ya ɓaci, har na kusa tsawata masa. Na daure, na ce ya fito ya nuna mana. Yaron ya durƙusa a gaban aji. Ya fara ɗaga bayansa, kansa ya yi ƙasa, sannan ya miƙar da hannuwa.

— Haka raƙumi yake tashi, Malam. Da baya yake farawa. Shi ya sa in mutum yana bisa sai ya riƙe sirdi da kyau, kada ya faɗo ta gaba. Doki ne yake fara miƙe ƙafafun gaba.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Kunya ta dame ni, amma akwai abin da ya fi ta. Yaran da ba su san raƙumi ba za su kwafe kuskurena cikin kayensu, su tafi da shi gida. Waɗanda suka san shi kuma za su ce: in hoton Malam ƙarya ne, me zai sa mu yarda da baƙaƙen da yake rubutawa a ƙarƙashinsa?

Tawada iri biyu

Ina da maƙwabci, wani tsohon alaramma mutumin Manga. Shi ke yi wa almajirai zayyanar allo in sun sauke karatu. Na ba shi labari. Ya yi murmushi, ya tambaye ni:

— Ɗana, da me kake zanen naka?

— Da fensir, Allah gafarta Malam, da abin gogewa.

— To, abin gogewar nan shi ya ɓata ka. Wanda ya san zai goge ba ya tsayawa ya duba. Ni ba na zanen mai rai, amma zan ba ka kayan aikina.

Ya fere mini alƙalamin gamba, ya ba ni kurtu biyu. Ya ce tawada iri biyu ce, kowace da halinta.

Ta farko ita ce tawadar allo. Gawayi ake niƙawa ya yi laushi, ko a kankaro baƙin gindin tukunya, a dama da ruwa da ƙaro. Ƙaron shi ke sa baƙin ya kama allo. In ruwa ya taɓa ta sai ta narke. Shi ya sa almajiri yake wanke allonsa ya sake rubutu.

Ta biyu ita ce tawadar takarda. Ƴaƴan bagaruwa ake jiƙawa tare da ƙarfe mai tsatsa, a tace, a sa ƙaro kaɗan. In ka rubuta da ita, da farko ba ta da duhu sosai. In ta sha iska sai ta yi baƙi. Wannan in ta kama takarda, ta kama ke nan.

Ran kasuwa

Na ɗinke fararen takardu na yi ɗan littafi wanda zai shiga aljihu. Ran kasuwa na tafi inda ake sayar da raƙuma, na zauna a inuwa. Na tsoma alƙalami a tawada, amma na kasa sa shi a takarda. Na san in na ja layi ba zai gogu ba. Dole na ɗaga kai na dubi raƙumin. Rannan na fara ganin abin da na yi shekaru ina wucewa.

Na ga leɓensa na sama a tsage yake. Na ga ƙafarsa ba kofato ne da ita irin na doki ba: tafi ne mai faɗi da yatsu biyu, wanda ba ya nutsewa cikin rairayi. Na ga kanta a ƙirjinsa da gwiwoyinsa, inda yake dogarawa in ya durƙusa. Na ga in yana tafiya, ƙafar gaba da ta baya na gefe guda suke tafiya tare, sannan na ɗaya gefen. Shi ya sa mahayinsa yake rangaji dama da hagu.

Raƙumi ba ya tsayawa don ana zanensa. Ina cikin wuya sai ya juya. Da farko na ji haushi. Daga baya na daina binsa. In ya motsa, sai in bar wannan zanen, in soma wani a gefe. Na koma gida da shafi cike da rabin raƙuma: nan wuya, can ƙafa, can tozo ba kai.

Yau da gobe na samu hanyar da nake bi har yanzu. Ga ta.

Na kan yi kallo tukuna, hannuna a cinya, har in ƙirga ɗari. Sannan in ja layin baya da jan alƙalami guda, daga kai zuwa wutsiya. Manyan sassa su ne farko: ciki, wuya, ƙafafu. Ido da gashi da akala su ne na ƙarshe.

In ina shakkar tsawo, sai in auna. Na kan miƙa hannu sosai, alƙalami a tsaye, in rufe ido guda. In sa babban yatsa in kama tsawon kan raƙumi a jikin alƙalami. Sannan in ƙirga kai nawa zai shiga wuya, kai nawa zai shiga ƙafa. Haka na gane kullum ina gajarta ƙafafu.

In layi ya kauce, ba na jefar da takarda. Na kan bar shi, in ja na daidai a kusa da shi. Gobe in na buɗe littafin, zan ga inda na kan yi kuskure.

A ƙasan kowane zane na kan rubuta rana da wuri da lokaci.

Launi

Da hutu ya zo na je Damagaram, na sayo ɗan akwatin fentin ruwa da buroshi. A nan na koyi wani abin mamaki. Garin launi ne a cikin ƙananan gurabun akwatin, kuma abin da ke riƙe shi ƙaro ne. Ƙaron nan dai da ake tsinta a jikin dakwara da rani, a dajin Gure da Maine-Sorowa. Sudan da Cadi da Nijeriya su ne manyan masu fitar da shi zuwa waje. Ashe fentin Turai da tawadar alaramma ƴan uwa ne.

Tun da na gane haka, in fenti ya ƙare ba na damuwa. Jar ƙasa, in an niƙa an tace an sa ƙaro, tana ba da launin tudu da na jikin raƙumi. Karan dafi da ƴar kanwa suna ba da ja, kamar yadda dukawa suke rina fata. Gangamau yana ba da rawaya. Bular wanki tana ba da shuɗi. In ka haɗa rawaya da shuɗi, ka samu tsanwa. Buroshi ma ana yin sa da gashin wutsiyar akuya, a ɗaure shi da zare a bakin tsinke.

Zanena na farko da launi ya lalace. Na yi shi da tawadar allo, na shafa fenti a kai, sai duk ya zama baƙi ƙirin. Na manta maganar alaramma. In za ka sa launi, zana da tawadar takarda, ka jira ta bushe sarai. Amma kuskuren nan ya koya mini dabara. In na zana da tawadar allo, sai in taɓa gefen layi da jiƙaƙƙen buroshi. Baƙin ya bazu kaɗan, ya zama inuwa a ƙarƙashin ciki ko a bayan wuya. Da tawada guda da ruwa kawai sai raƙumi ya yi jiki.

Fentin ruwa yana da dokokinsa. Farinsa shi ne farin takarda. In mutum yana sanye da farar riga, sai ka bar wurin, ka shafa launi kewaye da shi. Da launi mai haske ake farawa, a bi da mai duhu, don mai duhu yana rufe mai haske, mai haske kuwa ba ya rufe mai duhu. Takardar kaye tana tattarewa in ta jiƙe. A nemi mai kauri, ko kwalin da cikinsa fari ne.

Da hunturu iska tana busar da fenti nan da nan. Saboda haka na kan dama wanda zai ishe ni tun kafin in soma. In karkata takarda kaɗan, in ja buroshi daga sama zuwa ƙasa, ban koma baya ba. In ka koma kan wurin da ya soma bushewa, sai ya yi dabbare-dabbare.

Launi ma sai an duba. Da na ɗauka rairayi rawaya ne, inuwa kuma baƙa. Ku fita ku gani. Da tsakar rana tudu kusan fari ne. Da la'asar yana yin ja-ja. Inuwar goruba a kan rairayi kuwa tana da shuɗi-shuɗi a cikinta.

Zane shaida ne

Ba ni na fara yawo da ɗan littafin zane a Gure ba. A watan Disamba na 1852, wani Bajamushe mai suna Bart, wanda aka sani da Abdulkarim, ya biyo ta ƙasar Muniyo. Daga Kukawa ya fito, zai tafi Damagaram, daga nan ya wuce Tumbutu. Ya sauka a Gure, ya gana da sarki, Muniyoma Koso. A tafiyarsa yana rubuta abin da ya gani, yana kuma zana duwatsu da garuruwa da tafkuna. Da ya koma gida, aka buga littafinsa kashi biyar a 1857 da 1858. Wani mai zane, Barnats, shi ya mai da zanen Bart hotuna masu launi. Barnats bai taɓa zuwa ƙasarmu ba. Da idon Bart ya dogara. Inda Bart ya duba da kyau, hoto ya yi gaskiya. Da ya yi irin dokina mai tozo, da haka za a buga shi, mutane su yi ta kallo fiye da shekara 160.

Ni ma na ga amfanin wannan. Akwai wani kwari kusa da Gure inda ake noman rani. Na taɓa zana shi, na ƙirga gorubar da ke bakin tudu, na sa su bakwai yadda suke. Bayan shekara huɗu na koma na zauna a wuri guda. Biyu daga cikinsu rairayi ya binne su har wuya. Na nuna wa mutanen ƙauyen zanen biyu, lokacin da suke shawarar inda za su kafa shingen rassa don tsai da tudun. Suka karɓa hannu zuwa hannu suna dubawa. Ba wanda ya yi gardama, don ranar da na yi kowane zane tana rubuce a ƙasansa.

Komawa aji

Kafin ƙarshen waccan shekara ta farko, na kawo wani zane aji. Na yi shi da tawada, na sa launin jar ƙasa. Na kira yaron nan, na miƙa masa, gabana yana faɗuwa. Ya daɗe yana dubawa.

— Malam, wannan taguwa ce. Kuma ta sha wahalar rani.

— Yaya aka yi ka sani?

— Ga tozonta nan ya kwanta gefe.

Gaskiyarsa. Tozo kitse ne, in abinci ya yi ƙaranci sai ya ragu ya kwanta. Ni ban san haka ba lokacin da nake zanen. Abin da na gani kawai na sa.

Yanzu, yara, saura ku. Ku nemi gawayi da ƙaro da tsinken gamba. Ku zaɓi abu guda a gidanku: akuya, ko tulu, ko turmi. Ku dube shi har ku ƙirga ɗari kafin ku taɓa takarda. Ku zana, kada ku goge. Ku rubuta rana a ƙasa. Sannan ku kai wa wanda ya fi kowa sanin abin, mai kiwon akuyar ko mai daka a turmin, ku tambaye shi inda kuka kauce.