Ɗan zoben da na gani a hoton ciki

Sau biyu ina yin ɓari, shi ya sa da na ga ɗigon jini a mako na shida na wannan cikin, sai gabana ya faɗi. Surukata ta ce, "Ki kwanta ki huta, ai cikin da bai kai wata uku ba ba a kai shi asibiti." Ban yi mata musu ba, amma da gari ya waye na roƙi maigidana ya kai ni.

Da likita ta ɗora na'urar hoto, ban ga komai ba sai wani ɗan zobe fari a cikin duhu, girmansa kamar ƙwayar dawa. Na ce, "Likita, shi ne yaron?" Ta yi murmushi ta ce, "A'a Hajiya, wannan guzurinsa ne." Sunansa jakar gwaiduwa, duk da cewa a jikin ɗan Adam babu gwaiduwa a cikinta irin ta ƙwan kaza.

Ta bayyana mini cewa ana fara ganin jakar a hoto wajen mako na 5, kuma faɗinta yakan kai milimita 3 zuwa 5. Ita ke miƙa wa ɗan tayi abinci kafin mabiyiya ta kankama. A jikinta ake fara ƙera ƙwayoyin jini na farko, kafin hanta ta karɓi aikin, daga baya ɓargo. Wajen mako na 12, idan aikinta ya ƙare, sai ta motse ta ɓace.

Ganin jakar a cikin mahaifa ya nuna cikin ya zauna a inda ya dace, ba a bututun ƙwai ba, inda zai iya fashewa ya yi ajalin uwa. Sai dai ta ce wannan bai isa a saki jiki ba, in dawo bayan mako biyu.

Kwanakin nan sun yi mini tsawo. Da na koma, ga wani abu kusa da zoben yana ƙyaftawa da sauri. Zuciya ce. Na fashe da kuka.

Yau Allah ya raya mini ita, har ta fara rarrafe. 'Yan'uwa mata, ɓoye ƙaramin ciki ga jama'a kunya ce mai kyau, amma kada a ɓoye wa likita. In kin ga jini, ko ciwon mara ya tsananta, kada ki jira wata uku.