Kitse, nauyin ciki da ƙwayar kasuwa

Ɗan'uwana mai karatu, ka san halin ciki kashegarin babbar salla. An ci soye, an ci kitse, an sha romo. Da dare ciki ya yi nauyi, ga gyatsa, ga kumburi. Ranar kasuwa kuma ga mai tallar magani da ƙwayar da ya ce tana narkar da abinci. Kafin ka kwance bakin aljihu, tsaya mu yi magana.

In ka taɓa feɗe rago, ka san ƴar jakar nan koriya da ke manne da hanta, wadda ake cirewa a hankali kada ta fashe ta ɓata nama. Ita ce matsarmama. Kai ma kana da ita. Hantarka tana yin ruwan ɗaci wajen rabin lita ko fiye kowace rana, matsarmama tana ajiye shi. In maiƙo ya sauka hanji sai ta matso ruwan, ya farfasa maiƙon kamar yadda sabulu yake yi wa tukunyar miya. Bayan tumbi kuma akwai wata tsoka doguwa, likitoci suna ce mata pankireyas. Ruwanta ne yake ƙarasa narkar da kitse. Mai lafiya yana yin wannan ruwa har ya yi masa yawa. Nauyin da kake ji, kitse ne yake daɗewa cikin tumbi fiye da tuwo da hura. Wanda ya yi wata biyu bai ga nama ba, ya zo ya cika ciki a zama guda, ba ƙwaya ya rasa ba.

Ƙwayar ta gaskiya tana nan, sunanta pankireyatin. Likita yake rubuta ta ga wanda pankireyas ɗinsa ya lalace: yana ci yana ramewa, bayan gidansa fari-fari, mai maiƙo, mai wari ƙwarai. Shi kam ba ya iya rabuwa da ita, tare da abinci yake haɗiye ta. Daga jikin alade ake samo ta, ya kamata ka sani. Wanda aka rubuta wa, kada ya bar sha bai shawarci likita ba. Kuma zafi yana kashe ƙarfinta. To, wadda ta wuni kan tire cikin ranar bazara, me ya rage mata?

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon da ake rufewa da ƙwaya. Wata maƙwabciyarmu ta shekara guda, duk ran da ta ci abu mai mai sai ciwo ya kama ta ƙarƙashin haƙarƙari na dama, ya harba har kafaɗa, ta kwana tana amai. Kullum ana ce mata nama ne bai narke ba, ana sayo mata ƙwaya. Sai da idonta ya yi rawaya aka kai ta asibitin Maraɗi. Da aka ɗauki hoton ciki, wanda ake ce wa eko, aka ga tsakuwa cikin matsarmama. Aiki aka yi mata, kuma ta warke. Kuɗin ƙwayar nan da ya isa ya biya mota tun farko.

Ni dai naman layya kaɗan-kaɗan nake cinsa, sauran a soya ko a shanya ya kai kwanaki. Ba na kwanciya da zarar na ci. In nauyi ne kawai, kafin safiya ya wuce. In ciwo ne mai dawowa, ko ya zo da zazzaɓi, ko ido ya sake launi, a nufi likita tun ranar.