Darasin da Ya Biyo Mu Har Gida

Kowace shekara, in bazara ta shigo, mukan fita da 'yan aji biyar zuwa gindin darbejiyar da ke bayan makaranta. Mukan cusa reshe mai ɗanyen ganye cikin farar leda, mu ɗaure bakinta da zare, mu koma aji. Kafin a tashi sai mu tarar ruwa ya taru a cikin ledar. Yara sukan ce, "Malam, wa ya zuba?"

Ba wanda ya zuba. A jikin ganye akwai 'yan ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ta nan iskar da itace yake bukata take shiga, ta nan kuma ruwan da saiwa ta tsotso yake fita kamar tururi. Sa'an nan mukan sa kowa ya hura numfashi a kan madubi, madubin kuwa ya yi gumi. Ashe mu ma haka muke. Iska tana shiga huhu ta ratsa cikin jini, ruwa kuma yana fita dare da rana ta numfashi da gumi da fitsari da bayan gida. Jikin babban mutum kashi 60 cikin 100 ruwa ne, na jariri kuwa ya kai wajen kashi 75.

Mun daɗe muna koyar da wannan, amma ba mu gane shi sosai ba sai ran da ya shigo gidanmu. Autarmu tana da wata tara sa'ad da zawo ya kama ta. Kakarta ta ce haƙori ne, ta ƙara da cewa, "Ku rage mata ruwa. In ba a zuba ba, me zai fita?" Abin da ta gada ne ta faɗa, ba mu ga laifinta ba. Laifin namu ne, gama da takardarmu ta malanta muka yi shiru, muka bi.

Kwana biyu idanun yarinya suka faɗa, maɗigarta ta loɓa, ta yi ta kuka ba hawaye. Da muka kai ta asibiti, ma'aikaciyar ta tsunkuli fatar cikinta, fatar ta tsaya ba ta koma da sauri ba. Ta dube mu ta ce, "Malam, shukar da ta yi yaushi, hana ta ruwa ake yi?" Kunya ta rufe mu. Ta haɗa ruwan gishiri da sukari, uwar ta riƙa ba yarinya cokali cokali, tana kuma ba ta nono. Kafin gari ya waye ta yi fitsari, ta fara wasa da ɗankwalin uwarta.

Ga yadda abin yake. Bangon hanji ma yana da nasa ƙofofi. Sukari yana jan gishiri su ratsa tare zuwa cikin jini, ruwa kuma ya bi su, ko da zawon bai tsaya ba. A shekarar 1971, cikin sansanin 'yan gudun hijira a ƙasar Indiya, Dokta Dilip Mahalanabis ya ba masu kwalara wannan ruwa. Da fari wajen mutum 30 cikin 100 suke mutuwa, daga baya suka koma ƙasa da 4.

Ya ku iyaye, ku ajiye ƙunshin ORS a gida, ku haɗa shi yadda aka rubuta. In babu, ku tafasa ruwa lita 1, ya huce, ku zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi. Kada ku ƙara gishiri ya wuce haka. Kada a daina ba da nono da abinci. Ku tambayi ƙwayar zinc a asibiti, ana sha kwana 10 zuwa 14. In yaro ya ƙi sha, ko yana ta amai, ko kun ga jini a kashinsa, ko jikinsa ya saki, ku kai shi asibiti nan da nan.

Yanzu darasinmu ba ya ƙarewa a gindin darbejiya. Mukan dawo aji da kwano da cokali, kowane yaro ya auna da hannunsa, domin in ya je gida ya nuna wa uwarsa, har da kakarsa.