Layin Duhu A Fuskar Inna

Yau labarin wani kuskure nawa zan ba ku, wanda har gobe in na tuna shi sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji.

A Disambar 2022 aka yi bikin ƙanwata, ni kuwa na bugi ƙirji na ce wa Baba kada ya ɓata kuɗinsa wajen ɗauko mai hoto, tun da ina da kyamara. Ta hannu ce na saya, irin marasa madubin nan da suka fara fitowa a 2008, waɗanda haske ke wucewa kai tsaye ya sauka a kan farantin da ke karɓar hoto. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne ana iya kashe mata ƙara, ka ɗauki mutum bai ji ko ƙas ba.

Wannan kuwa ya yi min daidai saboda Inna, kakarmu. Tsohuwar nan ta tsani hoto, da ta ga na ɗaga kyamara sai ta ja mayafi ta ce, "Kai mijin banza, kawar min da abin nan, me za ka yi da fuskar tsohuwa?" Duk gidan babu mai hotonta in ban da na fasfon aikin Hajjinta. To daren kai amarya, da aka shigar da ƙanwata ɗakinta don ta yi mata nasiha, sai na laɓe a bakin ƙofa. An ɗauke wuta, janareta ke aiki, ƙwan LED guda ɗaya ne a ɗakin. Na kashe ƙarar, na bar saurin a 1/500 kamar yadda na sa shi a tsakar gida wajen masu guɗa, na ɗaga ISO sosai. Na ma kashe nuna hoto bayan ɗauka don batir ya kai ni, domin irin waɗannan kyamarori akwai su da shan batir. Inna na magana, amarya na kuka, ni kuma ina ta dannawa, raina fari tas.

Sai da asuba na zuba su a kwamfuta. Innalillahi! Kowane hoto da layuka a kwance, haske da duhu, haske da duhu, kamar an leƙo ɗakin ta cikin asabari. Na ɗauka kyamarar ce ta lalace, na kwashe ta sai wajen wani dattijo mai hoto da na sani. Kallo ɗaya ya yi ya ce, "Yaro, lafiyarta ƙalau, kai ne ka rufe mata baki."

Ya zaunar da ni ya yi min bayani. Ashe ƙarar da muke ji ta wani ɗan labule ce da ke buɗewa ya rufe a gaban farantin. In ka kashe ta labulen ya daina aiki, sai kyamara ta riƙa karanta farantin layi-layi daga wannan gefe zuwa wancan, abin da ya fi gudun labulen jinkiri nesa ba kusa ba. Wutarmu kuma tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka ƙwai da yawa suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, idonmu ne kawai ba ya gani. Wani layin ya dace da haske, na kusa da shi ya dace da duhu. Ya ce da na bar labulen yana aiki, ko na sauko da saurin zuwa 1/100 ko 1/50 yadda kowane layi zai sha ƙyaftawa cikakkiya, da abin bai kai haka ba. Janareta ma ba kullum yake tsayawa daidai a kan 50 ɗin ba, shi ya sa mai hankali kan ɗauki guda ɗaya ya buɗe shi ya duba kafin ya ci gaba. Wannan ta ƙarshen ta fi yi min ciwo, don ba ta buƙatar wani ilimi.

Na yi niyyar komawa in lallaɓi Inna da rana a tsakar gida, ko da goro ne in saye ta. Yau da gobe, aiki ya sha kaina, har Allah Ya karɓi abarsa cikin azumin 2023.

Bayan sadakar bakwai na sake buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya. Na mayar da su baƙi da fari, layukan suka ɗan lafa amma ba su tafi ba. A guda ɗaya duhun ya faɗo daidai kan idanunta, hasken kuma ya sauka a kan hannunta da ke dafe da kan amarya, har da zoben azurfarta da lallen da aka matsa mata ta sa. Shi na wanke na kai wa ƙanwata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yaya, ai ko a nan ma sai da ta ɓoye maka fuskar."